Ƙullu ɗaya, ƙamshi huɗu: yadda masu gato ke tsira da ribarsu

A Maraɗi, Damagaram da Yamai, yanzu da wuya a yi suna ko ɗaurin aure ba a raba gato ba. Yawancin masu yin sa ƴan mata ne da matan aure da ke aiki daga gida, suna tallata kayansu a WhatsApp da TikTok. Sai dai masu saye sun ƙara wayewa. Uwar biki ɗaya za ta ce tana son na kwakwa, da na lemu, da na banila, kuma duk a tire ɗaya. Wadda ta tsaya kwaɓa ƙullu uku daban, ribarta ta tafi a gas da wankin kwanuka.

Dabarar da ƙwararru ke bi ita ce a yi ƙullu ɗaya wanda ba shi da wani ƙamshi nasa, a raba shi, sannan kowane kaso a ɗiga masa man ƙamshin da ake so, wato arom, ko filebo kamar yadda ake cewa a Kano da Katsina.

Ƙullun da ya fi dacewa da wannan aiki tsohon gaton Faransa ne mai suna quatre-quarts, wanda aka sani da yankin Bretagne. Ma'anar sunan kashi huɗu daidai: ƙwai, sukari, bota da fulawa, kowane nauyinsa ɗaya. Ana fara auna ƙwan, abin da sikeli ya nuna shi ne awon sauran. Ƙwai huɗu na kajin gidan gona kan ba da kusan gram 200. A nan ne masu ƙirga ƙwai da ido ke faɗuwa, musamman da damina lokacin da ƙwan zabi ya cika kasuwa da araha. Ƙwan zabi bai kai na gidan gona girma ba, huɗunsa ba za su jiƙa fulawa gram 200 ba, sai gaton ya fito a bushe yana marmashi. Ƙaramin sikeli ya fi kowace kwalbar arom amfani a wannan sana'a.

Ana buga bota da sukari har su yi fari su yi sauƙi, kamar minti biyar da na'ura, da hannu kuwa ya fi haka. Iskar da ke shiga a wannan bugu ita ce ke ɗaga gaton. Shi ya sa zafin watan Afrilu, da kan wuce digiri 40 a Tawa da Yamai, yake ɓata aiki: botar da ta narke ta zama mai ba ta riƙe iska. Wasu sukan yi kwaɓinsu da asuba, wasu su ɗora kwanon a cikin ruwan sanyi. Daga nan sai ƙwai ɗaya bayan ɗaya, sai fulawar da aka tankaɗe da ɗan gishiri da hodar tashi. Ƙaramin saƙen hodar Alsa gram 11 ne, an yi shi don fulawa rabin kilo, don haka ƙasa da rabinsa ya ishi gram 200. Da zarar fulawa ta shiga, juyi kaɗan ake yi.

Abin da ba a sa ba ma yana da muhimmanci. Sukarin banila da hannu ya saba jefawa a kowane ƙullu, a bar shi, domin zai rinjayi lemu. Man gyaɗa yana da ƙamshinsa, zai bi duk kasoshin. Tsohon ƙwai kuma ƙarninsa ba ya ɓuya, ko da an juye masa rabin kwalba.

Sai batun awon arom ɗin kansa, inda aka fi yin asara. Ruwan ƙamshi irin na Foster Clark's da aka saba da shi a shaguna, ana iya zuba masa murfi guda. Ƙananan kwalabe masu ƙarfi da ƴan uwa ke aikowa daga Amurka ko Turai ba haka suke ba. Kamfanin LorAnn na jihar Michigan, wanda kwalbarsa ƙarama ba ta kai mililita huɗu ba, ya ce nasa ya ninka ruwan ƙamshi na yau da kullum sau uku zuwa huɗu. Inda ake sa cokalin shayi ɗaya, rubu'insa ya isa. Idan an raba ƙullun ƙwai huɗu gida huɗu, ɗigo biyu ko uku ake farawa da su a kowane kaso, na na'ana'a da kirfa da kanumfari ma ƙasa da haka. In ya yi yawa, gaton ya yi ɗaci, ya koma ɗanɗanon magani, kuma babu gyara. Mai hankali takan gasa cokali ɗaya ta ɗanɗana kafin ta zuba sauran a gwangwani. Wanda ke aiko da kwalbar daga waje, ya kyautu ya haɗa da wannan bayani a saƙon murya.

Akwai kuskuren da ya wuce na ɗanɗano. Man turare da ake haɗa humra da shi, da wanda ake ɗigawa a na'urar ƙamsasa ɗaki, su ma suna zuwa a ƙananan kwalabe masu hoton lemu ko fure, kuma ba a yi su don ci ba. Gaton suna yara ne kan gaba wajen cin sa. Abin dubawa shi ne rubutun arôme alimentaire a jikin kwalba da ranar ƙarewar aiki. Wanda aka juye a kwalba marar takarda ana sayarwa a tebur, gara a bar shi inda yake. Masu kula da batun giya kuma su karanta jerin kayan haɗi: a dokar Amurka, ruwan banila na asali dole ya ƙunshi aƙalla kashi 35 cikin ɗari na alkol, yayin da yawancin masu ƙarfin nan da mai ko wani sinadari ake narka su.

Gashi yana son digiri 180, minti 40 zuwa 50 ga babban gwangwani, ƙananan kuwa wajen minti 20, kuma ba a buɗe tanderu kafin gaton ya gama tashi. Tsinken sakace da ya fito a bushe shi ne shaidar nuna. Tun watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, masu gashi da lantarki suka san darajar tanderun gas da tsohuwar tukunyar yashi a kan gawayi. Ita tukunyar tana gasa gato mai kyau, amma ƙullu marar ƙamshi yana ɗaukar hayaƙi da sauri. Sai gawayin ya gama ruruwa ya zama garwashi ake ɗorawa, kuma ba a hura shi da kananzir ko leda.

Bayan ya huce, kowane ƙamshi a naɗe shi daban. Na na'ana'a in ya kwana a mazubi ɗaya da na kwakwa, da safe duk na'ana'a za su zama.