Shin Ko Kun San? Ƙoda Ce Ke Riƙe da Ma'aunin Magnesiyam

• Shin ko kun san jikin babban mutum yana ɗauke da kimanin giram 25 na sinadarin magnesiyam? Fiye da rabinsa yana cikin ƙashi, wanda ke yawo a jini kuwa bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Da shi tsoka ke saki bayan ta ɗaure, zuciya kuma ta buga daidai.

• Ko kun san ƙoda tana tace kusan miligiram 2,400 na magnesiyam kowace rana, sannan ta mayar da kashi 95 cikin 100 cikin jini? Kimanin miligiram 120 kaɗai ke fita da fitsari. In ya yi ƙaranci a jiki sai ta riƙe, in ya yi yawa ta zubar.

• Ko kun san akwai waɗanda ake haifa da ƙodar da ba ta iya riƙe magnesiyam? A 1966 likita Hillel Gitelman na Amurka ya bayyana cutar da ake kira da sunansa. Tana kama kimanin mutum 1 cikin 40,000. Alamunta su ne kasala, ɗaurewar tsoka da kwaɗayin gishiri. Sai yaro ya gaji lalatacciyar ƙwayar halitta daga uwa da uba duka biyu take bayyana, shi ya sa auren zumunci ke ƙara yiwuwarta.

• Ko kun san a asibitin koyarwa na Komfo Anokye da ke Kumasi, da allurar magnesiyam ake magance jijjigar masu ciki? Ƙoda ce ke fitar da maganin, don haka ma'aikatan jinya suke auna fitsarin matar, su buga mata gwiwa, su ƙirga numfashinta kafin su ƙara wata allura.

• Ko kun san farin ruwan maganin ƙwannafi da ake saye a kemis yakan ƙunshi magnesiyam? Mai ciwon ƙoda ya tambayi likita kafin ya sha, domin magnesiyam yana iya taruwa a jininsa.

• Ko kun san wake, gyaɗa, gero, alayyaho da ƙwayar koko ta Gana duk suna da magnesiyam? Mai lafiyayyar ƙoda wannan abincin ya ishe shi.