Karatun aikin lafiya da bashi: mu auna kafin mu ɗauka

Lokacin kaka shi ne lokacin komawa makaranta. Iyaye da yawa suna shawarar sa ɗansu ko ɗiyarsu makarantar koyon aikin lafiya. Wani ya sayar da sa, wani ya jinginar da gona, wani ya ci bashi. Aikin lafiya aiki ne mai daraja, kuma garuruwanmu suna bukatar ma'aikata. Amma kafin mu ɗauki bashi, ya kamata mu aza abu biyu bisa sikeli: kuɗin da za mu biya, da albashin da yaro zai samu. A ƙasar Amurka wannan magana ta kai har gaban gwamnati. Mu duba abin da ya faru can, don mu ɗauki darasi.

Yadda abin yake a Amurka

A can, akwai gajeren karatu na kamar shekara ɗaya. Ana koyon taimaka wa likita, ko ɗibar jini don awo, ko aiki a ɗakin magani. Ɗalibai da yawa suna biyan kuɗin karatun da bashin da gwamnati ke ba su. In sun gama, sai su riƙa biya wata-wata, har da kuɗin ruwa.

Takardun shaida ba ɗaya suke ba. A lissafin gwamnatin Amurka na 2024, matsakaicin albashin mai taimakon likita ya kai dalar Amurka 44,200 a shekara. Na ƙaramin malamin jinya mai lasin, wanda shi ma karatunsa kamar shekara ɗaya ne, ya kai 62,340. Tsawon karatu kusan ɗaya, amma tsakaninsu akwai fiye da 18,000 kowace shekara.

Makarantun da suka rushe

Wani kamfani mai suna Corinthian Colleges ya mallaki makarantun kuɗi masu yawa, kuma aikin lafiya yana cikin abin da suke koyarwa. Hukuma ta gano cewa ana faɗa wa ɗalibai ƙarya a kan yawan waɗanda suka samu aiki bayan karatu. A watan Afrilu na 2015 kamfanin ya rufe sauran makarantunsa. Ɗalibai wajen 16,000 suka wayi gari babu makaranta, ga bashi a wuya. Sai a 2022 gwamnati ta yafe bashin dalar Amurka biliyan 5.8 na mutum 560,000 da suka yi karatu can. Shekara 7 ke nan wasu suna ɗauke da wannan kaya.

Ma'aunin kashi 8 cikin 100

A 2014 gwamnatin Amurka ta kafa doka don auna irin wannan karatu. An soke ta a 2019, aka maido ta a 2023. Ɗaya daga cikin ma'aunanta shi ne: abin da mutum ke biya na bashin karatu a shekara kada ya wuce kashi 8 cikin 100 na albashinsa. Ga gajeren karatu, an yi lissafin bisa biyan shekara 10. Dokar 2023 ta ƙara wata tambaya: shin wanda ya yi karatun yana samun fiye da wanda ya tsaya a sakandare? Doka tana iya sakewa, amma waɗannan tambayoyi biyu suna da amfani ga kowa.

Mu gwada da kuɗinmu

Mu ma a Nijar, bayan makarantun gwamnati na ENSP da ke Yamai da Damagaram, akwai makarantun kuɗi masu yawa. Mu ɗauki misali. A ce kuɗin makaranta jika 300 ne a shekara, karatun kuma shekara 3. Jimla jika 900, ban da haya da abinci da kayan aiki. A ce yaro ya gama, ya samu albashin jika 60 a wata. Kashi 8 cikin 100 na jika 60 bai cika jika 5 ba. In ana biyan jika 5 kowane wata, sai an yi wata 180, watau shekara 15, ko da babu kuɗin ruwa. In ana biyan jika 20, sai an yi wata 45, kusan shekara 4, kuma sulusin albashi ya tafi.

Mu tuna da abu biyu. Mai ba da bashi a nan ba ya jiran shekara 10. Kuma aiki ba ya zuwa ranar da aka karɓi takarda: matasa da yawa suna fara aikin sa kai, ba albashi, kafin a ɗauke su. A wannan tsakani, gida ne ke biya, daga rumbu ko daga garke.

Tambayoyi biyar kafin biyan ko dala

1. Gwamnati ta ba makarantar izini? Mu nemi ganin takarda, mu kuma tambaya a ofishin lafiya na jiha.
2. Ɗalibanta suna zama jarrabawar ƙasa? Nawa suka zauna bara, nawa suka ci?
3. Ina waɗanda suka gama shekara 2 da suka wuce? Mu nemi biyu ko uku, mu ji daga bakinsu nawa suke samu.
4. Nawa ne kuɗin duka, daga rajista har ranar karɓar takarda? A rubuta mana shi.
5. In aiki ya yi jinkirin shekara 2, da me za mu biya?

In amsar tambaya ta biyar ita ce gonar da gida ke ci, to, mu dakata. Yaro yana iya gwada jarrabawar shiga makarantar gwamnati. Muna iya tara kuɗi da adashi ko da kiwon turka, mu rage yawan bashin. Jinkirin shekara ɗaya ya fi asarar gona. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Gaskiya ne, amma mai hankali yana auna nauyin kaya kafin ya aza wa jakinsa.