Ko Kun Sani? Ƙoda Ba Ta Saurin Manta Hawan Sukari

Ko kun san cewa sukarin da ya daɗe yana hawa a jini yana barin alama a ƙwayoyin ƙoda, ko bayan an sauko da shi? Ƙwayoyin gadon mutum suna nan yadda ya gaje su. Wasu ƙananan sinadarai ne, irin su metil, suke manne musu ko su saki, kamar wasali a rubutun ajami: baƙaƙen ba su sauya ba, amma karatun ya sauya. Daga nan sai ƙwayoyin gadon da ke haddasa kumburi da tabo su yi ta aiki fiye da kima, matatar ƙoda ta lalace, furotin ya fara yoyo cikin fitsari.

An hango cewa ƙoda ba ta saurin manta hawan sukari ne daga wani bincike da aka yi a Amurka da Kanada tsakanin 1983 da 1993 kan mutum 1,441 masu nau'in ciwon sukari na farko. Waɗanda aka tsananta wa kulawa tun da wuri sun ci gaba da samun ƙarancin ciwon ƙoda shekaru da dama, alhali daga baya sukarinsu ya zo kusan daidai da na sauran.

Abin da ke tayar da hankali shi ne ƙoda takan fara lalacewa ba tare da wani zafi ba. Mai ciwon sukari a Suleja kada ya jira kumburin ƙafa. Ya je Babban Asibitin Suleja ko asibitin da ke kusa da shi, ya nemi gwajin fitsari da na jini don duba ƙoda, aƙalla sau ɗaya a shekara.