Audugar Mata: Ƙaramin Abin Da Ke Hana 'Ya'yanmu Karatu

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Maigatari ran Alhamis ya san irin dukiyar da take shiga da fita a wannan gari na bakin iyakar Nijeriya da Nijar. Ga shanu, ga raƙuma, ga hatsi. Amma a cikin taron nan akwai mata da 'yan mata masu sayar da fura da abinci tun safe har magariba, waɗanda in jinin al'ada ya zo masu a tsakiyar kasuwa, da wuya su sami inda za su gyara jikinsu, balle abin da za su sa. Irin wannan damuwa ce take bin yarinya har cikin aji, a ƙauyukan Gumel da Gagarawa da Sule Tankarkar.

Al'ada takan ɗauki kwana 3 zuwa 7 a kowane wata, kuma ana bukatar canja auduga sau da dama a yini. Janye tallafin man fetur da aka yi a watan Mayu na 2023 ya taɓa kowane gida: kayan masarufi suka yi tashin gwauron zabo, audugar mata ma haka. Magidancin da ke neman kwanon gero ba zai tuna da ita ba, yarinyar kuwa kunya ba za ta bar ta ta roƙa ba. Sai ta koma ga tsumma. Ƙunzugu ba laifi ba ne in an wanke shi da sabulu aka shanya a rana ya bushe sarai. Haɗarin yana wurin ɓoyewa, watau a cusa shi ƙarƙashin katifa da danshinsa, har ya jawo ƙaiƙayi da ciwon sanyi.

Mai karatu, bari mu yi lissafi. In yarinya ta zauna gida kwana 3 kowane wata don tsoron kada rigarta ta ɓaci a gaban 'yan aji, cikin wata 9 na karatu ta rasa kwana 27, fiye da mako biyar na makaranta ke nan. Ran jarrabawa ba za a rage mata tambaya ko ɗaya ba.

Waɗansu ƙasashe sun riga sun tashi tsaye. Kenya ta cire haraji a kan audugar mata a 2004, sa'an nan a 2017 ta yi dokar raba ta kyauta ga 'yan mata a makarantun gwamnati. Majalisar Sikotilan, a Birtaniya, ta amince da wata doka a Nuwamba 2020, wadda ta fara aiki a Agusta 2022, ta wajabta wa ƙananan hukumomi da makarantu su ajiye kayan nan kyauta domin duk mai bukata. A nan gida, Dokar Kuɗi ta 2019 ta ɗauke harajin VAT daga audugar da aka yi a cikin Nijeriya, sai dai rangwamen bai kai hannun wadda ba ta da ko kwabo ba.

Jihar Jigawa ta nuna tana iyawa. A watan Oktoba na 2022 ita ce jiha ta farko a Nijeriya da aka tabbatar ta daina bahaya a fili. Wanda ya iya gina makewayi zai iya sa masa ƙofa mai sakata, da buta, da sabulu, da akwatin auduga. Ƙananan hukumomin masarautar Gumel guda huɗu suna iya farawa da makarantun 'yan mata da ɗakunan shan magani da kasuwanni, a damƙa akwatin a hannun malama ko ungozoma. Teloli mata kuma su koyi ɗinka irin wadda ake wankewa a sake amfani da ita.

An ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, amma kuɗin cefane a aljihun uba yake. Saboda haka, 'yan'uwana magidanta, kafin 28 ga Mayu ta zagayo, ranar da duniya take tunawa da tsabtar al'ada tun 2014, kowa ya tambayi uwargidansa abin da 'ya'yansa mata suke amfani da shi, ya sa shi cikin cefanen wata. Allah ya ba mu ikon yi.