Faifan taurarin da ake ɗauka a hoto daga bayan garin N'Djamena

Duk ɗan kasuwar da dare ya taɓa riska a hanyar Gamborun Ngala zuwa Kusseri, ko don mota ta lalace ko don an rufe shinge, ya san yadda sama take cika da taurari idan aka yi nesa da fitilun gari. Mun san Zara, mun san Kaza da 'ya'yanta. To amma akwai wani ɗan tabo fari-fari ta wajen arewa, kamar hayaƙin da ya ƙi bajewa, wanda yawancinmu muke ɗauka gajimare ne.

Ba gajimare ba ne. Masana suna kiran sa Andromeda, tarin biliyoyin taurari ne a naɗe kamar faifan da mata ke saƙawa, sai dai mu a karkace muke hango shi. Hasken da ke shiga idonmu daga gare shi ya yi tafiyar kimanin shekara miliyan 2.5. Malamin taurari Abdurrahman al-Sufi ya ambace shi a littafinsa tun wajen shekarar 964. Wanda kuma ya fara fito da naɗinsa sosai a hoto ba malamin jami'a ba ne, wani ɗan kwangilar gine-gine ne a Ingila mai suna Isaac Roberts, wanda a 1888 ya bar idon kyamararsa a buɗe na tsawon sa'o'i.

A N'Djamena lokacin wannan aiki gajere ne. Da damina hadari ya rufe sama, daga Disamba kuma ƙurar hunturu da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele a arewacin Chadi takan dusashe komai. Saura Oktoba da Nuwamba, a dararen da babu farin wata. A lokacin, bayan sallar isha'i, tabon yakan hau sama sosai, kusa da wasu taurari biyar masu siffar harafin W. Manhajar Stellarium a waya za ta nuna wurin.

Matsalar ita ce duniya tana juyawa. Idan aka bar kyamara a buɗe da yawa, taurari sai su zama zare-zare. Don haka masu wannan sha'awa sukan kafa ta a kan ƙafa uku, su ɗauki gajerun hotuna na daƙiƙa biyu zuwa biyar, guda ɗari ko fiye. Daga nan su rufe idon kyamarar da murfinta, su ƙara ɗaukar kamar guda ashirin na duhu tsantsa. Da farko mun ɗauka ɓata batir ne, ashe su ne ke tona dattin da kyamarar kanta take zubawa idan ta yi zafi, kuma ai kun san zafin Chadi.

Sauran aikin a kwamfuta yake. Manhajoji irin su Siril da DeepSkyStacker, waɗanda kyauta ne, suna jera hotunan ɗaya bisa ɗaya, tauraro a kan tauraro. Abin da yake na gaske yana nan a kowane hoto, sai ya taru ya yi ƙarfi. Ɗige-ɗigen banza kuwa kowane hoto da nasa, sai su kashe juna. Kamar shiƙa ce, tsaba ta zauna, ƙaiƙayi ya tafi. Lissafin sai dai ba irin na kasuwa ba ne: hoto 100 yana rage dattin sau goma, amma kafin a rage shi sau ashirin sai an ɗauki 400.

Ko bayan haɗawar, hoton yakan fito kusan baƙi ƙirin, sai an bi shi a hankali ana ɗaga hasken da ya ɓuya. A gwajinmu na farko mun yi gaggawa, muka ƙona tsakiyar ta zama farin dunƙule, gefen kuma ya yi kore kamar kanwa a miya. Nan ne kuma ha'inci yake iya shigowa, domin fito da abin da kyamara ta kama daban ne da ƙara abin da ba ta gani ba. Masu sayar da waya za su tuna ce-ce-ku-cen 2023, lokacin da aka nuna cewa wasu wayoyin Samsung suna ƙara wa hoton wata zane da kansu. Kada a yi wa mai saye alƙawarin cewa waya za ta fito da hannayen faifan nan. Ɗan tabon kawai za ta kama. Naɗin sai da kyamara mai dogon ido.

Wanda zai gwada ya fita bayan gari, ya sa fitilun birni a kudu da shi. Ya nisanci gadar Ngeli da filin jirgi da barikin soja, domin kafa kyamara da dare a irin waɗannan wurare neman kwana a hannun hukuma ne. Ya fara gaida bulaman ƙauyen ya faɗa masa abin da ya kawo shi, ya kuma riƙe batir biyu.