YADDA BIRTANIYA TA GINA ƘUNGIYAR 'YAN WASAN SULUN ƘANƘARA

A duk faɗin ƙasar Birtaniya babu hanyar ƙanƙara ko guda ɗaya irin wadda ake wasan sikelitin a kanta. Duk da haka, tun daga shekarar 2002 har zuwa 2018, ba a yi gasar Olamfik ta lokacin hunturu ba face 'yan wasan ƙasar sun koma gida da lambar yabo a wannan wasa. Uku daga cikin lambobin na zinariya ne.

Shi dai sikelitin, wanda ma'anar sunansa ita ce ƙwarangwal, wasan sulu ne. Ɗan wasa yakan sheƙa da gudu yana tura wani ɗan allo mai ƙafafun ƙarfe biyu, sa'an nan ya faɗa kansa rub da ciki, kai na gaba, ya gangara wata hanya ta ƙanƙara mai kwane-kwane wadda tsawonta ya ɗara kilomita guda. Allon ba shi da birki, ba shi da sitiyari. Da kafaɗu da gwiwoyi da yatsun ƙafa ake sarrafa shi, gudunsa kuwa yakan haura kilomita 130 a awa, haɓar mutum kuma tana dab da ƙanƙara. A garin St. Moritz na ƙasar Suwizalan wasan ya samo asali, an kuma yi shi a Olamfik a 1928 da 1948, daga nan aka jingine shi sai a 2002.

Abin da masu shirya ƙungiyar Birtaniya suka fara lura da shi shi ne, gudun farko, watau 'yan mitocin da ɗan wasa yake tura allo kafin ya hau, yana da babban tasiri a kan sakamako, domin ɗan jinkirin da aka yi a sama yakan ninka kafin a kai ƙasa. Koyon wannan gudu kuwa ba ya bukatar ƙanƙara. Saboda haka aka gina hanyar kankare mai tsawon kimanin mita 140 a Jami'ar Bath, inda allo yake tafiya a kan ƙafafun taya. A nan 'yan wasa suke shafe watannin zafi suna turi, idan sanyi ya shigo su tafi Jamus ko Norway ko Amurka su hau ƙanƙarar gaske.

Sai batun mutane, wanda shi ne ya fi ɗaukar hankali. Tun da babu yaron da ya tashi yana wannan wasa a unguwarsu, ba a zauna jiran gwanaye su ɓullo ba, aka shiga nemansu a cikin sauran wasanni. Amy Williams 'yar tseren mita 400 ce kafin ta gwada hanyar Bath a 2002. Shekara takwas bayan haka ta ci zinariya a Vancouver, ita ce kuma zinariya ta farko da mutum ɗaya ya ciyo wa ƙasar a gasar hunturu cikin shekara 30. Ita kuwa Lizzy Yarnold, wadda take wasan guje-guje da tsalle-tsalle, ta amsa wani kira ne da aka yi wa 'yan mata a 2008 su zo a gwada su. Aka auna gudunta da ƙarfinta, aka ce mata sikelitin ne ya dace da ita, wasan da ba ta taɓa yi ba. Ta ci zinariya a Sochi a 2014, ta sake ci a Pyeongchang a 2018. Abin lura a nan shi ne, shekara shida aka yi ana ɗawainiya da ita kafin ta kawo zinariyar farko, haƙurin da ba kowace hukumar wasanni take da shi ba.

Ɗawainiyar kuwa kuɗi take ci. Tun 1997 ake ware wani kaso na kuɗin cacar ƙasa domin tallafa wa 'yan wasa, hukumar UK Sport kuma tana raba shi gwargwadon lambobin da kowane wasa yake kawowa. A shekaru huɗun shirin gasar 2018 an ba sikelitin kimanin fam miliyan shida da rabi. Kaso mai tsoka yakan tafi wajen injiniyoyi masu ƙera alluna da gwada tufafin da iska ba ta riƙewa. Amma kuɗi ba ya hana faɗuwa: a Beijing a 2022 ƙungiyar ta dawo hannu rabbana, aka kuma ɗora yawancin laifin a kan kayan aiki. Bayan gyara, Matt Weston ya zama zakaran duniya a 2023.

Nijeriya ma ta taɓa leƙa wannan fage. Simidele Adeagbo, tsohuwar 'yar wasan tsalle, ta fara hawa allo a 2017, bayan 'yan watanni ta wakilci ƙasar a Pyeongchang, inda ta zo ta 20 cikin mata 20. A ɓangaren maza Akwasi Frimpong ya wakilci Ghana. Su biyun daga guje-guje da tsalle-tsalle suka fito, kamar takwarorinsu na Birtaniya, sai dai babu hanyar atisaye ko asusu irin na Bath a bayansu. Gurbin da aka keɓe wa nahiyoyi ne ya taimaka musu shiga gasar 2018. Da aka soke wannan gurbi kafin gasar 2022, ba a ga ɗan Afirka ko ɗaya a wasan sikelitin a Beijing ba.