Sanyaya Kwamfuta da Ruwa a Ƙasar Zafi da Ƙura

Duk wanda ya shiga ofis a Magarya ko a Dungas cikin watan Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a inuwa, ya san kukan da kwamfuta ke yi. Fankar cikinta tana gudu kamar za ta fice, aiki kuwa yana tafiyar hawainiya. Ba lalacewa ta yi ba. Ƙwaƙwalwarta, wato ɗan abin da ke yin lissafi, in zafinta ya kusa digiri 100, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone; in abin ya ƙi, sai na'urar ta mutu, aikin da ba a adana ba ya salwanta.

Wannan ne ke sa mai gyaran na'urori sha'awar sanyaya ta da ruwa. Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun a 1967 kamfanin IBM na Amurka ya fito da wata babbar na'ura mai aiki da ruwa, saboda lita guda ta ruwa tana ɗauke zafin da sai an tara lita fiye da 3,000 ta iska kafin a ɗauke. Tsarin irin na mota ne. Ana ɗora farantin jan ƙarfe bisa ƙwaƙwalwar, ƙaramin famfo ya tura ruwa ta cikinsa, tiyo ya kai shi lagireto, fanka ta hura, ruwan ya komo.

Amma ga abin da ya kamata mai karatu ya riƙe kafin ya taɓa aljihunsa: lagireto ba ya iya sanyaya ruwa fiye da iskar ɗakin da yake ciki. In ɗaki yana digiri 42, ruwan zai fi haka zafi, ko nawa aka kashe. Randa ce ke yin abin da lagireto ya kasa, domin ruwan da ke tsattsafowa ta jikinta yana bushewa, ya tafi da zafi. Da wannan hikima ta iyayenmu mata ne Mohammed Bah Abba, wani malami a jihar Jigawa, maƙwabciyar gundumomin nan biyu, ya yaɗa tukunya cikin tukunya don ajiyar kayan miya, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. To, me zai hana a bi da tiyo ta cikin randa? Ana iyawa, sai dai a yi lissafi. Na'ura mai fid da zafin wat 150 tana bukatar lita guda ta bushe duk bayan awa huɗu da rabi. Da rani randa za ta agaza na ɗan lokaci, sannan ta ɗumama. Da damina, in iska ta jiƙe, taimakonta kaɗan ne. Ƙanƙara kuwa kada a kusance ta, don tana sa raɓa ta taru a jikin tiyo ta ɗiga bisa wayoyi.

Saboda haka asirin aikin yana ga akwatin. Ana fara shi da awo, ba da zarto ba. Faɗin fanka santimita 12 ne, lagireto mai fanka biyu kuwa ya ɗan zarce 24. A yanka kwali daidai girmansa, a gwada a ciki, a ga ko murfi zai rufu. A kwashe kayan ciki duka kafin a kai akwatin wurin mai walda, domin garin ƙarfe ƙwaya guda ya isa ya haɗa wuta. Bayan yanka a goge bakin ƙarfen da magagari, kada ya tsaga tiyo. Lagireto a gaba ya fi, inda zai sha iskar waje tun ba ta ɗumama ba. Famfo ya zauna ƙasa da tankin ruwa, don in iska ta shige shi ba ya daɗewa.

Sai ƙura, wadda masu ƙera waɗannan kaya ba su san irin tamu ba. Hunturu guda ya isa ya toshe lagireto ya zama kamar bargo. Maganinta shi ne a ɗaura raga mai ƙananan idanu a mashigar iska, a riƙa kakkaɓe ta, kuma fankokin da ke shigo da iska su fi masu fitarwa yawa, don kada ƙura ta kutso ta tsagogi.

Ruwan rijiya ko na famfo ba ya shiga ciki. Duk wanda ya leƙa gindin tsohuwar butar shayi ya ga farin abin da yake bari. Sai tataccen ruwa irin wanda ake ƙara wa batirin mota, ba asid ɗin ba. Kada kuma a gama jan ƙarfe da alminiyam a hanyar ruwa ɗaya, domin alminiyam ɗin zai cinye.

A ganina, kwamfutar da ake buga takardun haihuwa ko lissafin albashi da ita ba ta bukatar wannan wahala. A ɗauke ta daga ƙasa, a nisanta ta da bango, a hure ƙurarta a kai a kai. Ruwa na babbar na'ura ne, mai haɗa fim ko zana taswira. Wanda ya ƙudura yi, ya tuna kayan sai an nemo su daga Damagaram ko Kano, ko ma nesa da nan. In ya gama haɗawa, ya kunna famfo shi kaɗai, sauran kayan ba wuta, ya shimfiɗa farar takarda ƙarƙashin kowace mahaɗa har kwana guda. In ya ga ɗigo ko ɗaya, ya kwance ya sake ɗaurewa.